Bayani a Kan Siririyar Hanyar da ke Bayan Maraina

Ku sani a bayan kowane ɗan maraina akwai wata hanya siririya kamar zare, tana nannaɗe wuri guda. Larabawa suna ce da ita barbak, likitoci kuwa epididimis. A nannaɗe ba ta fi tsawon yatsa ba, amma da za a warware ta sai ta kai mita 6, wato wajen kamu 12. An kasa ta uku: kai, da jiki, da wutsiya.

Amfaninta shi ne, ƙwayoyin haihuwa a cikin maraina ake yin su, amma ɗanyu suke fitowa, ba su iya iyo ba. Sai sun yi kwanaki suna ratsa wannan hanya kāna su nuna, sa'an nan a tara su a wutsiyarta kamar hatsi a rumbu.

Cutar da ta fi kama ta ita ce kumburi. Ga samari galibi daga ciwon sanyi yake zuwa, wanda ake ɗauka wurin saduwa. Ga dattawa kuwa daga cutar mafitsara, musamman wanda fitsari yake yi wa wuyar fita. Tarin tibi ma yakan sauka can. Alamunsa su ne zafi mai ƙaruwa sannu a hankali, yawanci a gefe ɗaya, da kumburi, da zazzaɓi, da raɗaɗin fitsari.

To, ga inda hatsarin yake. Idan kunya ta hana mutum zuwa asibiti, ciwon yana iya barin tabo ya toshe hanyar. In duka biyun suka toshe, haihuwa ta tsaya, alhali kuwa maniyyi yana fita kamar kullum, domin mafi yawan ruwansa daga wasu gaɓoɓi dabam yake zuwa. Sai mutum ya ɗora wa matarsa laifi, har ya sake ta ya auro wata, nan kuwa matsalar tana jikinsa. Ba a gane wannan sai an auna maniyyin da madubin likita.

Saboda haka wanda ya ji alamun nan ya tafi ga likita, ya shanye maganin da aka rubuta masa duka, ko da zafin ya lafa. In ciwon sanyi ne, a yi wa iyalinsa magani tare da shi, don kada cutar ta komo.

Amma zafin da ya faɗo farat ɗaya mai tsanani, har da amai, musamman ga yaro mai tasowa, wannan yana iya zama murɗewar maraina. Kada a jira gari ya waye, domin in aka wuce kamar awa 6 ba a yi aiki ba, ana iya rasa ɗan marainan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.