Yadda Ake Kula da Numfashin Majiyyaci Lokacin Tiyata

Idan asibitin sansani ya tura ɗayanmu babban asibitin gari don tiyata, iyalai kan tambaye mu: wanda aka yi wa allurar barci, yaya yake numfashi?

Barcin tiyata ya fi na dare nauyi. Maganin yana rage ƙarfin numfashi, wani lokaci ya tsayar da shi. Shi ya sa akwai likita ko ma'aikacin jinya da aka horar kan sa barci, wanda ke zaune a wajen kan majiyyaci tun daga farkon aiki har ƙarshensa.

Da farko yakan ɗora masa takunkumin roba a hanci da baki, ya shaƙi iskar oksijin, sannan a yi allurar ta jijiya. Bayan barci ya ɗauke shi, sau da yawa akan zura siririn bututu ta baki zuwa maƙogwaro. Ta nan na'ura ke hura iska cikin huhu, ko kuwa ma'aikacin ya riƙa matsa jakar roba da hannu. Wata 'yar na'ura da aka maƙala a yatsa tana nuna yawan oksijin da ke cikin jini. Idan an gama aiki, mutum ya koma numfashi da kansa, sai a zare bututun. Maƙogwaro kan yi kwana ɗaya ko biyu yana zafi.

Mu ma muna da namu aikin. Mai barcin allura ba ya iya tari. Idan akwai abinci a cikinsa, yana iya tasowa ya faɗa huhu, wannan kuwa kan yi kisa. Don haka ake hana abinci, kunu, koko da madara aƙalla awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Idan likita ya ba da wani lokaci daban, nasa za a bi.

Iyaye da masu jinya, kada tausayi ya sa mu ba yaro ko tsoho wani abu a ɓoye. In an riga an ci, a faɗa wa ma'aikata. Za su ɗaga aikin, ko su sake shiri in na gaggawa ne. A kuma sanar da su idan akwai asma, tari, minshari, haƙori mai girgiɗi, shan taba, ko wani magani da ake sha, har da na gargajiya.

Mai sauran tambaya ya zo asibitin sansani kafin ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.