Gargaɗi: Ku Juya Kwalin Sabulun Magani Kafin Ku Biya Kuɗi

Jama'a, musamman iyaye mata da magidanta masu fita cefane, da ku masu shagunan kayan masarufi, wannan kira ne na gaggawa a kan sabulun nan da muke kira sabulun magani, mai rubutu ɓaro-ɓaro a kwali cewa yana kashe kashi 99.9 na ƙwayoyin cuta. Ku daina sayensa don wanka da wanke hannu na yau da kullum. Bai fi sabulu na gama-gari tsare iyali daga ciwo ba, kuma a cikin wasu akwai sinadaran da Amurka, ƙasar da ta yi kasuwarsu shekara da shekaru, ta riga ta hana.

Ba daga kaina nake faɗa ba. A Karaci ta Pakistan, cikin unguwannin talakawa masu cunkoso da ƙarancin ruwa irin namu, masu bincike sun raba wa gidaje 300 sabulun magani mai sinadarin triclocarban, wasu gidaje 300 kuma sabulu zalla, suka yi shekara guda suna zagayawa mako-mako suna ƙarfafa wanke hannu. Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta Lancet a 2005. A gidajen da aka ba sabulu zalla, gudawar yara ta ragu da kashi 53 cikin ɗari, ciwon nimoniya a 'yan ƙasa da shekara biyar ya ragu da rabi, idan aka kwatanta da gidajen da ba a ba sabulu ba. To, gidajen sabulun magani fa? Duk kanwar ja ce, babu wani bambanci. Wankin ne ya yi aikin, maganin da aka cusa a sabulun ya tafi a banza.

Dalilin a fili yake. Sabulu yana kama maiƙo da dauɗar da ƙwayoyin cuta ke maƙale a ciki, ruwa kuma ya kwashe su ya tafi. Shi kuwa sinadarin yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya kashe wani abu. A Koriya ta Kudu an gwada a 2015: cikin sakan 20 na wanke hannu, sabulun magani mai wani sinadarin da ake kira triclosan bai yi wa na gama-gari fintinkau ba, sai da ƙwayoyin suka jiƙu a cikinsa fiye da awa tara sannan aka ga bambanci. Wa ke da awa tara a bakin famfo? Ga shi mura da yawancin tarin yara bairos ke kawo su, shi kuwa wannan sinadari bakteriya aka yi shi dominsu.

A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce wa kamfanoni su kawo hujjar cewa sabulun nasu ya fi na gama-gari amfani, kuma ba ya cutarwa in an daɗe ana amfani da shi. Ba su gamsar da ita ba. A watan Satumba na 2016 ta hana sinadarai 19 a sabulun wanka da na wanke hannu da ake sayar wa jama'a, cikinsu har da triclosan da triclocarban, ta ba da wa'adin shekara guda. Wasu uku, ciki har da chloroxylenol da ke cikin ruwan maganin nan mai mai da ruwan wanka fari kamar madara, ta jinkirta hukunci a kansu tana jiran ƙarin hujja.

Me ake tsoro? Da farko, triclosan na ratsa fata ya shiga jiki. Wani binciken gwamnatin Amurka na 2003 zuwa 2004 ya same shi a fitsarin kusan mutum uku cikin kowane huɗu da aka gwada. A gwajin dabbobi an ga yana rage sinadarin da ƙullutun maƙogwaro ke fitarwa, wanda girman jiki da ƙwaƙwalwar jariri suka dogara a kai. A dabbobi aka gani, amma mai juna biyu da jinjiri ba abin gwaji ba ne.

Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Ƙwayar cutar da ta saba haɗuwa da ɗan guba kaɗan-kaɗan, wanda bai isa kashe ta ba, tana koyon yadda za ta fitar da shi daga jikinta, kuma a ɗakin gwaji an ga wannan dabarar na taimaka mata ta bijire wa magungunan asibiti ma. A 2019 kaɗai, bijirewar bakteriya ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Babban laifin na shan kafso barkatai ne daga kemis da tiren 'yan talla, na sani, amma bai kamata mu ƙara wa wuta fetur daga banɗakunanmu ba.

Uwayena da 'yan'uwana mata, ga taku ta musamman, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A daina tsarki da sabulun magani ko ruwan magani. A gaban mace akwai ƙananan halittu masu amfani da Allah Ya ajiye, su ke tsare wurin da ɗan tsami-tsami don kada miyagun ƙwayoyi su samu gindin zama. In an kashe su sai ƙaiƙayi da fitar ruwa mai wari su biyo baya, a ce sanyi ne, a ƙara sabulun, abin ya ƙara ta'azzara. Garin neman ƙiba an samo rama. Ruwa mai tsafta ya wadatar. Haka jariri: kada a tsiyaya masa ruwan magani a bahon wanka. Cibiya kuma a shafa mata man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, shi kaɗai.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan muni: sabulun da ake sayarwa da sunan maganin ƙuraje alhali na bilicin ne, mai mercury a ciki. Wannan guba ne ga ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan tayi. Hukumar NAFDAC ta hana shi, amma bai ƙare a kasuwa ba.

To da me za a yi tsafta? Sabulu na gama-gari da ruwa, a cuɗa sakan 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki da kafin cin abinci. Sabulun salo na asali, na toka da mai, sabulu ne sosai, sai dai a kula: wanda toka ta yi wa yawa yana zafi a fata, kuma yanzu ana cakuɗa wani da mayukan bilicin a kira shi haɗi. In babu sabulu sam, toka ta fi a wanke da ruwa zalla. Don gida kuwa, lemon tsami da ruwan kal na cire gansakuka da farin dattin famfo, toka na goge baƙin tukunya, tafasasshen ruwa na tsaftace soso da kwalbar jariri, rana kuma, wadda muke da ita kyauta, na busar da tawul da shimfiɗa.

Amma kada a wuce gona da iri. Idan amai da gudawa ya shigo gida, lemon tsami ba zai yi ba, sai ruwan bilic mai kulorin a wanke bayi da inda mara lafiya ya ɓata. Kuma kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan kal ko lemon tsami, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Wanda likita ya rubuta wa sabulun magani don wata larurar fata ko kafin tiyata, ya bi umarnin likitansa, ba da shi ake ba.

Yau ɗin nan, kowa ya shiga banɗakinsa ya juya kwali ya karanta ƙananan rubutun baya. In ya ga triclosan, triclocarban, ko mercury, ya fitar da shi daga gidan. Wanda bai iya karatun boko ba ya miƙa wa yaro ɗan makaranta. Ku kuma masu shago, don Allah ku duba kafin ku sake sarowa, kuma duk wanda saƙon nan ya riska ya isar wa maƙwabcinsa.