A Sakar wa Kasuwa Mara? Daga Layin Mai na 1974 zuwa Sanyin Texas

A farkon 1974, mai mota a jihohin Amurka da dama sai ya duba lambar motarsa kafin ya nufi gidan mai. In lambar ta ƙare da 1, 3 ko 5, ranakun wata masu irin wannan lissafi ne nasa. In ta ƙare da 2, 4 ko 6, sai ya jira kashegari. Wasu gidajen man jar tuta suke kafawa, alamar kada ma mutum ya wahalar da kansa. Ƙasar da ta fi kowace arziki a duniya ke nan, mutanenta suna sammako don kama layi.

Dalilin da kowa ya sani shi ne takunkumin da ƙasashen Larabawa suka saka a watan Oktoban 1973, wanda ya ɗaga gangar ɗanyen mai daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Amma Milton Friedman, masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, ya ce takunkumi tsada ya kawo, layi kuwa gwamnati ce ta kawo shi. Tun ranar 15 ga Agustan 1971 Shugaba Nixon ya daskarar da farashin kaya da albashi na kwana 90. Daga baya aka saki sauran kaya, aka bar mai a ɗaure. Da man ya yi ƙaranci, doka ta hana farashinsa tashi yadda ya kamata, sai mai saye ya koma biya da lokacinsa a layi maimakon kuɗinsa.

Wannan sanarwa ta Nixon tana cikin abin da ya fusata David Nolan da abokansa a jihar Colorado, suka kafa jam'iyyar Libatariyan a watan Disambar 1971. Jam'iyyar ba ta taɓa kusantar mulki ba. Ƙoƙarinta mafi girma shi ne kashi 3 da 'yan kai cikin 100 da Gary Johnson ya samu a zaɓen shugaban ƙasa na 2016. Aƙidar dai ta fi jam'iyyar nisan zango. A taƙaice cewa take yi mutum shi ke da kansa da guminsa, aikin hukuma tsare rai da dukiya da tabbatar da cika alkawari, sauran kuwa a sakar wa kasuwa mara.

Kan haraji bakin masu wannan aƙida bai zo ɗaya ba. Murray Rothbard ya ɗauke shi sata kawai, ko da majalisa ce ta sa hannu. Robert Nozick na Jami'ar Harvard, a littafin da ya fitar a 1974, ya kwatanta harajin albashi da aikin dole: in hukuma ta karɓe ladan awa biyu daga aikin yininka, to awa biyun nan ita ka yi wa aiki ba da son ranka ba. Friedman ya fi su sauƙin kai. Ya yarda da haraji, amma ya so ya zama kaɗan, mai sauƙin lissafi, har ya ba da shawara a 1962 cewa wanda samunsa bai kai wani mizani ba, hukuma ta cika masa da tsabar kuɗi ya sayi abin da ya ga dama, maimakon a riƙa rage masa farashin wannan da wancan. Wani ɓangare na hujjar tsoho ne ƙwarai. A watan Oktoban 1981 Shugaba Reagan da bakinsa ya ambaci Ibn Khaldun a gaban 'yan jarida, saboda lura da malamin ya yi a Muƙaddima cewa daula a ƙuruciyarta haraji kaɗan take sawa ta tara da yawa, a tsufanta kuma ta tsawwala ta tara kaɗan.

Hujjarsu mafi ƙarfi ba ta haraji ba ce, ta farashi ce. Friedrich Hayek ya bayyana a 1945 cewa farashi manzo ne. In mai ya yi ƙaranci ya yi tsada, direban babbar mota zai rage zirga-zirgar banza, mai masana'anta zai nemi injin da ba ya sha da yawa, mai haƙo mai zai koma rijiyar da ya watsar don ba riba. Babu wanda ya tara su ya ba su umarni, ba ma sai sun san abin da ya faru ba. Wanda ya ɗaure farashi ya toshe bakin manzon. Shugaba Carter ya fara kwance farashin mai a 1979, Reagan ya ƙarasa a watan Janairun 1981, irin wancan dogon layi kuma bai sake zama ruwan dare a Amurka ba. Faɗuwar da farashin mai ya yi a 1986 tana da wasu dalilan, kamar man Alaska da na Tekun Arewa da buɗe famfon da Saudiyya ta yi, don haka ba duka yabon ne nasu ba.

Mutumin Kano ko Maraɗi ba sai an yi masa dogon sharhi a nan ba. Shekara da shekaru Najeriya tana sayar da fetur ƙasa da kuɗinsa, sakamakon kuma shi ne gidan mai a rufe, 'yan bumburutu da jarkoki a ƙofarsa, man da aka biya wa tallafi yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru. A 2022 tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4. Har nan Friedman ya yi gaskiya. Sai dai da aka janye tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na hatsi suka bi ta. Rabin shawarar Friedman aka ɗauka. Ɗaya rabin, wato tsayayyen tsarin sanya kuɗi a hannun mai ƙaramin ƙarfi, ba a gina shi kafin a yanke ba, kuma wannan babban zalunci ne ga wanda ba shi da mota tun asali.

Inda aƙidar ta fi rauni shi ne hayaƙi. Farashi yana faɗin gaskiya kan abin da aka saya aka sayar, amma tarin da yaron da ke zaune kusa da tashar kwal yake yi ba ya cikin takardar kuɗin wuta. Arthur Pigou ya nuna wannan giɓi tun 1920, ya ce a ɗora wa mai gurɓatawa haraji daidai ɓarnarsa. Friedman kansa ya amince harajin gurɓatawa ya fi tarin dokoki. An ma gwada hanyar kasuwa a 1990, lokacin Bush babba, inda aka ƙayyade yawan hayaƙin farar wuta da tashoshin lantarki za su fitar, aka bar su suna cinikin izinin a tsakaninsu, hayaƙin ya ragu da arha fiye da yadda aka zata. Duk da haka, da maganar ɗumamar yanayi ta taso, manyan cibiyoyin aƙidar suka juya wa harajin hayaƙi baya. Ba a rasa masu tuna cewa Cibiyar Cato, wadda aka kafa a 1977, da kuɗin Charles Koch ta tashi, attajirin da matatun mai ke cikin tushen dukiyarsa. Jerry Taylor, wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan adawa a Cato, daga baya ya bar ta ya koma kiran a saka harajin.

Gwajin da ya fi zafi a Texas aka yi shi. Jihar ta riƙe layukan wutarta kusan a ware daga na sauran ƙasa don kada dokokin tarayya su hau kanta, a 2002 kuma ta buɗe kasuwar lantarki, magidanci ya zaɓi kamfanin da yake so. An ga amfanin hakan: jihar mai da iskar gas ta zama ta ɗaya a Amurka wajen samar da wuta daga iska. Amma tsarin wutar da aka sayar kaɗai yake biya, ba ya biyan shirin ko-ta-kwana. A 2011 sanyi ya kashe tashoshi, hukumomin tarayya suka ba da shawarar a killace injuna da bututu, shawarar ba ta zama tilas ba, kamfanoni da yawa suka ga ba riba a kashe kuɗi don sanyin da sai an shekara goma bai zo ba.

Ya zo a watan Fabrairun 2021. Rijiyoyin gas da bututu suka daskare, tashoshi suka mutu, gidaje fiye da miliyan 4 suka kwana a duhu cikin ƙanƙara. Farashin sari ya tsaya a dala 9,000 kan kowace megawat ta awa ɗaya har kwanaki, alhali a ranar lafiya 'yan dalolin da ba su kai 50 ba ne. Manzon Hayek ya yi ta kururuwa, amma daskararren bututu ba ya jin kira. Magidantan da kwangilarsu ke bin farashin sari suka ga takardun dubban daloli na mako guda, jihar kuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, da yawansu sanyi ne ya kashe su.

A watan Mayun 2021 majalisar Texas, wadda 'yan Republican ke da rinjaye a cikinta, ta yi dokar da ta wajabta wa tashoshin wuta shirin sanyi, da tarar da za ta iya kai dala miliyan 1 ga wanda ya ƙi. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar lantarkin jihar ta sauko da ƙololuwar farashin sari daga dala 9,000 zuwa 5,000.