Kafin Ka Sayi Injin Gahawa Mai Kwanso

Wani ɗan inji ya fara shigowa gidajenmu, musamman a manyan birane. Ana ganinsa a kantunan zamani da ofisoshi da ɗakunan otal, har ma cikin jeren kayan kicin na amare. Aikinsa babu wahala: a zuba masa ruwa ta baya, a jefa ɗan kwanso mai garin gahawa a ciki, a danna maɓalli, kafin minti guda ya tsiyayo gahawa mai kauri da kumfa ruwan ƙasa a samanta. Ita ce esfireso, irin wadda mutanen Italiya ke kurɓewa a tsaye. Ba niƙa, ba awo, ba tacewa. Abin sha'awa ne, kuma ba laifi don mutum ya so shi. Sai dai ba wuya ka shiga gida ka tarar da injin a saman kanta ƙura ta lulluɓe shi, in ka tambaya a ce maka ai lafiyarsa ƙalau, kwanson ne ya gagara.

Wani injiniya mai suna Eric Favre, ma'aikacin kamfanin Nestlé a ƙasar Suwizalan, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a 1976, kamfanin kuma ya fito da ita kasuwa a 1986 da sunan Nespresso. Yadda cinikin yake tafiya shi ne, injin sau ɗaya ake sayensa, ribar tana cikin kwanson da za a yi ta saye kullum. Sayen doki na rana ɗaya ne, harawa da dusa su ne aikin. Don haka duk wanda ya tsaya yana taya injin bai tambayi kuɗin kwanso ba, bai fara ciniki ba tukuna.

Ga lissafin da mai kanti ba zai yi maka ba. Ƙaramin kwanson esfireso yana ɗauke da garin gahawa giram 5 zuwa 6 ne kacal. Ke nan sai ka fasa kusan guda 200 kafin ka tara kilo ɗaya. Ɗauki kuɗin kwanso guda, ka ninka shi sau 200, ka kwatanta da kuɗin kilon gahawa niƙaƙƙiya a kanti ɗaya, za ka ga inda gizo ke saƙar. Mai shan kofi biyu a rana zai ci kwanso 730 a shekara. In uwargida ma tana sha, an kai 1,460, ba a sa baƙi ba. Kuma tun da daga waje ake shigo da shi, duk ranar da dala ta motsa, farashinsa ya motsa.

Babban tarkon da ya fi kama mutane shi ne, ba kowane kwanso ke shiga kowane inji ba. Nespresso kansa gida biyu ne. Akwai na asali, wanda suke kira Original, mai ƙaramin kwanso, akwai kuma Vertuo da ya fito a 2014, mai kwanso faffaɗa. Na wannan ba ya aiki a wancan. Dolce Gusto ma na Nestlé ne, ya fito a 2006, amma nasa kwanson daban. Haka Tassimo, haka A Modo Mio na kamfanin Lavazza, kowa da nasa. Shi kuwa Keurig da ya cika gidajen Amurka, gahawar babban kofi yake yi, ba esfireso ba. Mutum zai je Umara ko wata tafiya ya ga inji mai kyau da araha ya ɗauko, kwali biyun da aka haɗa masa da su suna ƙarewa, shi ke nan, ya zaga gari bai sami irinsu ba.

A ganina, ga wanda ke zaune a ƙasashenmu, na asalin nan ya fi kwanciyar hankali, kuma da dalili. Kariyar da doka ta ba Nestlé a kan ƙirar wannan kwanso ta fara ƙarewa wajen 2012, sai wasu kamfanoni suka shiga yin nasu da ke shiga injin. A 2014 hukumar da ke hana babakere a kasuwannin Faransa ta sa Nespresso ya yi alkawarin daina toshe musu hanya. Yanzu akwai na Lavazza da illy da L'OR da wasu da dama, ga kuma kwanson ƙarfe da mutum zai riƙa cikawa da garin gahawarsa. Vertuo kuwa, a gefen kowane kwanso akwai wasu layuka da injin ke karantawa kafin ya wulwula shi da gudu ya fitar da gahawar, saboda haka zaɓin mai shi kaɗan ne, kusan duk a hannun kamfanin yake. Shawara dai ita ce, kafin ka je wajen inji, fara shiga kantuna biyu ko uku na garinku ka ga wane kwanso ne ba ya yankewa a kan kantarsu. Shi zai zaɓa maka injin.

Masu son gahawa da madara su lura da Dolce Gusto. Wasu nau'o'insa kwanso biyu ake sa wa kofi ɗaya, na gahawa da na madara, don haka kwalin da aka rubuta 16 a jikinsa kofi 8 ne. Madarar ta gari ce, wasu kuma da sukari a ciki. Mai ciwon sukari ya karanta jikin kwalin da kyau.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ba ƙarama ba ce. Injin ɗan mitsitsi ne a ido, amma da yake cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 yake zafafa ruwa, yana jan wuta wat 1,200 zuwa 1,500. Ƙaramin janaretan nan na shaguna, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba, sai dai ka ji ya yi gurnani ya mutu. Mai sola da ƙaramar inbata ma ya tambayi wanda ya haɗa masa kafin ya jona. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne injin da aka yi don Amurka ko Kanada. Su wutarsu bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230. Jona shi kai tsaye, ƙonewa ce nan take, wani lokaci har da hayaƙi. Sauya masa kan soket ba ya maganin komai, sai an haɗa da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ita ma babba, wadda kuɗinta kan iya kamo na injin. Duba ƙasan injin, akwai ɗan tambarin da aka rubuta bolt da wat. In ɗan'uwa zai aiko maka da shi, ka ce ya sayo na Turai ko na ƙasashen Larabawa irin su Dubai. Kuma in an gama sha a zare shi daga bango, don dawowar wuta da ƙarfi ba ta sallama.

Kada adadin bar da aka rubuta da manyan baƙi a kwali ya ruɗe ka. Bar ma'aunin ƙarfin matsa ruwa ne. Wannan ya ce 15, wancan 19, wani ma 20, mai kanti ya ce maka mai 20 ya fi. Esfireso ta gaskiya a kan bar 9 ake yinta, ragowar iyakar ƙarfin famfon ne kawai. Gara ka duba girman tankin ruwa, da ko akwai mai gyara da kayan gyara a kusa.

To, an saya an kawo gida. Da safe, kafin ka sa kwanso, danna maɓalli ruwan zafi zalla ya zubo cikin kofin. Zai wanke hanyar, ya ɗumama kofin, domin esfireso 'yar kaɗan ce, kofi mai sanyi na shanye zafinta. Yawancin injinan maɓalli biyu gare su, ƙarami mai ba da mililita 40, babba mai ba da 110. Kuskuren da aka fi yi shi ne ganin mililita 40 ta yi kaɗan, sai a yi ta danna maɓalli a kan kwanso ɗaya har kofi ya cika. Abin da ke fitowa daga baya ɗaci ne da ruwa, daɗin ya riga ya fita tun farko. In kana son babban kofi, fitar da 40 ɗin, ka ƙara ruwan zafi daga buta. Kwanso kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Da ka gama, ɗaga murfin ya faɗa cikin ma'ajinsa, kada ya kwana a ciki yana tsami. A kiyaye yara da wurin sa kwanson, akwai ƙarafa masu tsini da ke huda shi, ga ruwan zafi.

Ruwan da ake zubawa shi ke kashe injin a hankali. Wanda ke dafa ruwan rijiya ko na burtsatse ya san farin ɓawon nan da ke daskarewa a gindin buta. Irinsa ne ke taruwa cikin siraran bututun injin. Alamarsa, gahawa ta koma ɗigowa, ko ta fito ba zafi, ko ƙarar famfon ta sauya. Nespresso na ba da shawarar a wanke cikin injin duk wata uku ko bayan kwanso 300, da ruwan wanki na musamman da ake sayarwa don haka, kuma ya hana sa binega. In ruwanku mai yawan ɓawo ne, yi amfani da tatacce, kuma kada a bar shi ya yi kwanaki a tanki. Ma'ajin tsofaffin kwanso da ɗan farantin da ke tare ɗigo kuwa, a wanke su da sabulu a kai a kai. A 2015 masu bincike a Jami'ar Valencia ta ƙasar Sifen sun duba waɗannan farantai a injinan da ake amfani da su, suka tarar da ƙwayoyin bakteriya iri-iri sun yi gida a ciki. Wannan a Turai ke nan. A zafin Kano ko Maraɗi, kwana biyu sun isa fumfuna ta fito, ga kyankyasai da ba abin da suke so irin ɗumi da laima.

Kwanson da ba a buɗe ba, a ajiye shi wuri mai sanyi nesa da murhu da rana. In ka ga murfinsa ya ɗan kumbura, ba lalacewa ba ce, iskar da gahawa ke fitarwa ce bayan an soya ta. Wanda ya huje ko ya lotse sosai shi ne ƙamshinsa ya tafi. A duba kwanan watan da ke jikin kwali, musamman in an ga farashi ya faɗi warwas ba dalili.

Ta fuskar lafiya, akwai wata lamba a jikin kwali, 6 ko 9 ko 12, da mutane ke ɗauka ma'aunin sinadarin kafin ne, wato abin da ke hana barci. Ba haka ba ne. Lambar na nuna yawan suya da kauri da ɗaci ne. Ƙaramin kwanso ɗaya yakan ƙunshi kafin miligiram 55 zuwa 65, wanda aka yi da gahawa nau'in robusta kuma yakan ninka haka. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kada ta wuce 200. Wannan jimillar duk abin da aka sha ne, da shayi, da lemon kwalba baƙi, da lemon ƙara kuzari, har da goro. Dattijon da ke tauna goro tun hantsi, in ya ɗora esfireso uku a kai, kada ya yi mamakin bugun zuciya. Sinadarin yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin bayan Magariba yana nan tare da kai har tsakar dare. Mai hawan jini da mai gyambon ciki su tuntuɓi likitansu. Mai ƙarancin jini ya ba da tazara tsakanin abinci da gahawa, domin tana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abincin.

Sharar kwanson ma abin dubawa ce. Birnin Hamburg na Jamus ya hana sayensa da kuɗin hukuma don ofisoshinsa a 2016, saboda yawan sharar da yake tarawa. Mu nan ƙarshenta kwata ce ko bola. Abin da mutum zai iya yi, ya yanke murfin, ya juye tsakin gahawar a gindin shuka, ya tara ɓawon alminiyam ɗin ya ba 'yan jari-bola. Na roba kam ba shi da wata makoma.

Wanda ya yi lissafin kuɗin kwanso ya ga ba zai iya ba, ba a rufe masa ƙofa ba. Akwai 'yar butar moka da Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, wadda ake ɗorawa a kan gas ko risho, ba ruwanta da wutar lantarki, kowace gahawa niƙaƙƙiya tana ci. Ba ta yin kumfar esfireso, amma gahawarta da kauri. Wanda kuwa ya nace sai mai kwanso, kuma na hannu zai saya a wajen 'yan gwanjo, ya tafi da kwanso guda a aljihu da gorar ruwa. A jona injin a gabansa, ya ga ruwan ya fito da zafi, ya ɗaga injin ya duba ko ƙasansa ya jiƙe, ya buɗe ma'ajin ya ga kwanson ya huje tsaf bai murƙushe ba. In mai shagon ya ce babu wuta, a bari sai an kawo.