Tsatsa a tankin babur da yadda ake fitar da ita

Babur ya riƙa shaƙewa a hanya, bakanike ya kwance kafireta ya wanke, bayan mako guda ciwon ya dawo. In haka ta maimaitu, kafin ka ɗora wa bakanike laifi, buɗe murfin tanki ka haska tocila. Ko ka tsiyayi mai a farar kwalba ka ajiye. Idan wani jan gari ya kwanta a gindin kwalbar, to tsatsa ce ke bin mai tana toshe kafireta.

Ruwa ne ke kawo ta. Wani ta murfin da robarsa ta mutu yake shiga lokacin damina ko wajen wanki, wani kuma cikin man jarka na bakin titi yake zuwa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya nutse ƙasan tanki ya zauna yana cin ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, da yawa lita ɗaya ko biyu suke iya sha, tanki kullum wayam. Iskar da ke ciki kuwa tana da laima, in dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa a jikin ƙarfen.

Cire tankin daga babur, ka juye man, nesa da wuta da masu shan taba. Kwance makunnin mai, da na'urar awon mai in akwai, don tsamin khal ɗin da za ka zuba yana cin su, sannan ka toshe ramukan. Zuba ruwan omo da notina kamar cikin hannu biyu, ka yi ta girgizawa ta kowane gefe har ɓawon tsatsar ya saki. Ƙirga notinan kafin ka zuba, saboda guda ɗaya in ya maƙale, ƙararsa za ta ishe ka. Sai ka ɗauraye, ka cika tankin fal da ruwan khal, wato binega, ya kwana ɗaya ko biyu. Wasu kan zuba ruwan batir wai ya fi sauri. Ganganci ne: yana cin ƙarfe mai lafiya, yana ƙona fata da ido.

Bayan ka zubar da khal ɗin, ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe sauran tsamin, sannan ruwa zalla. A nan mafi yawa suke ɓata aikinsu. Ƙarfen da aka wanke tas ba shi da kariya, in aka bar shi da danshi kafin awa guda sai ka ga ya fara ja. Kife shi a rana tsaka nan take, ko a busa masa iska da injin mai faci, musamman lungunan ƙasa inda aka haɗa ƙarfen. Da ya bushe, zuba fetur kaɗan da ɗan baƙin mai, ka jujjuya ya shafi ko'ina. Sa sabuwar filta a tiyo, ka sake wanke kafireta.

Wani lokaci wankin kan tona ƙananan huji da tsatsa ta rufe. Kada ka kai wa mai walda tankin da ke warin fetur, tururin da ya rage a ciki yana fashewa. In hujin ya yi yawa, sayen wani tanki ya fi arha.

Babur ɗin da za a jingine tsawon damina, a cika tankinsa kafin a ajiye shi, a kuma canja robar murfi in ta tsage.