Cizon Haƙora Cikin Barci: Abin da Al'ada Ta Ce da Abin da Likitoci Suka Gano

Bahaushe ya ba haƙori sunaye da yawa: akwai fiƙa, akwai turame, akwai giɓi, akwai wushirya. Har ila yau yana kiran zubar haƙoran yaro famfara, wadda kan fara wajen shekara 6, inda haƙora 20 na ƙuruciya ke ba da wuri ga 32 na manya. A wannan tsakani ne iyaye suka fi jin yaro yana cizon haƙora cikin dare.

A ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, akan ɗora laifin wannan a kan tsutsar ciki, sai a yi ta ba yaro maganinta. Binciken likitoci bai tabbatar da wannan dangantaka ba. Abin da aka gano shi ne, tsokar muƙamuƙi kan motsa lokacin da barci ya yi sama-sama, musamman ga yaron da ke minshari ko toshewar hanci. Yawancin yara kan daina da kansu idan sun girma.

Al'amarin manya ya fi nauyi. Damuwa da shan taba da cin goro ko shan shayi mai kauri da dare kan ƙara shi. Alamominsa su ne ciwon muƙamuƙi da ciwon kai da safe, da zaizayewar turame har ruwan sanyi ya riƙa tsinka su. Haƙorin da ya zaizaye kuwa ba ya tofowa.

Ilmin daidaita haƙora da waya ya kafu ne a Amurka, inda Edward Angle ya rarraba ire-iren karkacewarsu a 1899. An daɗe ana zaton karkacewar ce ke haddasa cizon, amma yanzu an fahimci tushensa yana ga barci da ƙwaƙwalwa. Saboda haka waya tana miƙe haƙora, ba ta hana cizo. Abin da ke kare su shi ne robar da likita kan auna wa mutum ya sa da dare.

Wushirya kuwa, wadda Bature kan biya kuɗi a rufe masa, ado ce a wurin Bahaushe. Ya kamata a bambanta ado da cuta kafin a kai yaro a ɗaure masa baki da waya.