Yadda Ake Sauya Fasalin Ɗan Mutum-mutumi Ya Yi Kama da Kukun Talabijin

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar harhaɗa ƙananan mutum-mutumi na roba, irin waɗanda kamfanonin Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suke ƙerawa. Sau da yawa mai wannan sha'awa yakan buƙaci siffar wani sanannen mutum wadda babu ita a kasuwa, sai ya ɗauki wadda ke akwai ya sauya mata fasali. Za a yi bayanin wannan aiki da misalin Julia Child, Ba'amurkiyar da ta fara koyar da girkin Faransa a shirin talabijin mai suna The French Chef a shekarar 1963, ta kuma rasu a 2004.

Sanin Ma'auni

Kowane ɗan mutum-mutumi yana da ma'aunin da aka ƙera shi a kai. Idan an rubuta 1:35, ana nufin an rage girman abu na ainihi sau 35. Ke nan, mace mai tsawon santimita 165 za ta koma santimita 4.7. Ita kuwa Julia Child tsawonta santimita 188 ne, wato santimita 5.4 a wannan ma'auni. Bambancin bai wuce milimita 7 ba, amma a cikinsa kamannin suke, domin tsawo ne babbar alamarta. Hatta teburan aikin kicin ɗinta, wanda ta bayar ga gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington a 2001, an ɗaga su fiye da yadda aka saba. Duk wanda ya manta da wannan lissafi, ko ya ƙawata fuska yaya, wata mace daban zai samar.

Matakan Aiki

Da farko, a tara hotunan kukun ta gaba da ta gefe, a fitar da alamomi uku ko huɗu da ake gane ta da su: tsawo, nannaɗaɗɗen gashi, riga mai kwala, da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu.

Na biyu, a yanke mutum-mutumin da siririn zarto a ƙugu da ƙwauri, a huda, a zura 'yar waya don ƙara tsawo. Ba a zuba ƙarin duka a wuri guda, sai a raba shi, don kada ƙafafu su zarce gangar jiki. Hannuwa ma akan yanke su a gwiwar hannu, a lanƙwasa su yadda za su riƙe wuƙa ko ludayi.

Na uku, a kankare tsofaffin tufafi da reza, a cike giɓi da wani kwaɓi mai kama da yumɓu, irin Milliput. Sanda biyu ne ake haɗawa daidai wa daida a murza, ya sandare cikin 'yan sa'o'i. Kafin ya sandare ake fitar da gashi da tsinke, a kuma lallaɓa kalmasar riga da jiƙaƙƙen burushi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kauri, domin kwaɓin milimita 1 daidai yake da ƙyalle mai kaurin santimita 3.5 a jikin mutum.

Daga ƙarshe, a goge da sanfefa, a shafa fentin shimfiɗa, sannan a bi da launuka a tsinke, shafi biyu ko uku.

Kammalawa

An ga cewa kan irin wannan mutum-mutumi bai fi ƙwayar wake ba, don haka kamanni ba daga ido da hanci suke zuwa ba, daga tsawo ne da tsayuwa da sutura da kayan aiki. Malamin da zai ƙera kayan koyarwa, kamar siffar maƙeri ko mahauci, wannan ƙa'ida zai bi: ya auna tukuna, sannan ya zaɓi alamomin da ɗalibi zai gane da kallo ɗaya.

Auna Fahimta

1. Mutum mai tsawon santimita 175 nawa zai koma a ma'aunin 1:35?
2. Kawo alamomi huɗu da za a gane siffar wanzami da su.